Giya Biyu a Bakin Kogin Luwar

Ranar da autarmu ta bugo waya daga Faransa ta ce ta biya mana kuɗin yawon kwana bakwai a kan keke, mun zaci layi ne ba shi da kyau. Malam ya ce ta sake faɗa, ta sake. Hajiya ta karɓe wayar ta ce, "Yanzu ke duk motocin da ke ƙasar Turawa, keke kika ga ya dace da iyayenki?" Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Umma, a nan masu hali ne ke biyan kuɗi a ba su keke su sha wahala." Muka ajiye waya muka dubi juna. A unguwarmu a Zariya, in aka ga dattijo mai shekara 63 ya fito bisa keke, ba wanda zai ce motsa jiki yake yi. Jaje za a soma yi masa a ɓoye.

Mu biyu ne ke ba da labarin nan, don haka duk inda hanyarmu ta rabu za ku ji mun kira kanmu da sunan da muke kiran juna a gida. Malam tsohon malamin gona ne, rabonsa da keke tun wani Raleigh da ya zaga ƙauyuka da shi a farkon aikinsa. Hajiya malamar firamare ce. Ta koyi keke a lungun gidansu da keken yayanta, ta daina tana da shekara 12, ranar da kakarta ta ce budurwa ba ta hawa sirdi. Shekararmu 34 da aure. Daga baya ne muka ji a bakin yayarta abin da ya sa autar ta yi wannan ɗawainiya. Wai da ta zo hutu ta zauna ta ƙirga maganar da muke yi wa juna a yini, ta tarar ba ta wuce "an kawo wuta?" da "ka sha maganinka?" ba. Ba faɗa muke ba. Yara sun watse, gida ya yi faɗi, kowa ya kama ɗakinsa da wayarsa.

Da takardar tsarin tafiyar ta zo, ba nisan hanya ne ya tayar mana da hankali ba. Kowace rana an rubuta fadar sarakunan da za a gani, da garin da za a kwana, sannan kusan kowace yamma akwai layi ɗaya: ziyarar gonar inabi da ɗanɗana giya. Autar ta ce ta riga ta gaya wa masu shirya tafiyar cewa ba ma shan giya, ba ma cin alade. Amma ita yarinya ce, ba ta san abin da ke damunmu ba. Mun tashi a inda in ka je gidan mutum ya miƙo maka ko ruwan randa ne, sai ka kai bakinka, ko ba ka jin ƙishirwa. Mayar da hannun mai kyauta abin kunya ne. Ga shi kuma za mu je inda abin da mai gida ya fi alfahari da shi, shi ne abin da ba za mu taɓa ba.

A garin Buluwa aka tara mu, a ƙarshen watan Yuni. Mu goma sha biyu ne: 'yan Ostireliya huɗu, 'yan Kanada huɗu, wani ɗan Holan da matarsa, sai mu. Mafi yawansu sa'o'inmu ne, wasu ma sun girme mu. Jagorarmu wata Bafaransa ce siririya mai jin Turanci, sai direban motar da ke ɗaukar jakunkuna daga masauki zuwa masauki, wanda shi ne kuma mai faci da gyaran birki. Hanyar da za mu bi wani yanki ne na hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 900 da aka shimfiɗa a gefen Luwar, kogin da ya fi kowane tsawo a Faransa, don ya zarce kilomita 1,000. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wannan kwarin cikin wuraren tarihi na duniya. Aka ba kowa keke da hular kwano. Hajiya ta ɗora tata bisa ƙaramin hijabi, ta dubi madubin mota ta ce, "Allah ya sa kada wani ɗan Zariya ya biyo ta nan."

Ba mu yi kilomita biyu ba bakin doguwar rigarta ya shiga sarƙa, ta kife a kan ciyawa. Kafin Malam ya gano inda birkinsa yake, matar ɗan Holan ta riga ta ɗaga ta, ta ciro wata 'yar roba ta ɗaure mata bakin rigar a ƙafa. A nan ne kuma muka gamu da giya ta farko. Kekunan da muka sani a da gudunsu ɗaya ne, in ka ga tudu ka sauka ka tura. Waɗannan kuwa suna da giya fiye da ashirin. Duk sanda aka tunkari hawa, jagora za ta ɗaga murya, Malam kuma ya juyo ya fassara wa Hajiya da ƙarfi, "Canza giya! Rage giya!" A karo na uku ta ce, "Malam, ka yi a hankali, kada a ji a gida an ce ka kai ni Turai kana koya mini giya." Dariya ta kama mu har sai da muka tsaya. Mun daɗe ba mu yi irin wannan dariyar tare ba.

Shambor ce fada ta farko. Ana fitowa daga daji sai ga ta tsaye, rufinta cike da hasumiyoyi kamar an ɗora wani gari bisa gari. Sarki Faransuwa na Ɗaya ne ya sa aka soma gina ta a 1519, don kawai ya samu wurin sauka in ya fito farauta. Ɗakunanta sun haura 400, murhun jin ɗumi 282, katangar da ta kewaye dajinta kuma ta kai kilomita 32. Duk inda ka ɗaga kai sai ka ga tambarin sarkin, wata halitta mai kama da ƙadangare, an sassaƙa ta a dutse. Jagora ta ce in aka haɗa dukan kwanakin da ya yi a ciki ba su cika wata uku ba, don gidan ba ya ɗumamuwa da sanyi, da zafi kuma sauro. Malam ya ce ashe gina katafaren gida a bar wa maigadi ba a Abuja aka soma shi ba.

A tsakiyar fadar akwai matakala biyu da suka naɗe juna kamar tufkar igiya. Mutum biyu za su hau lokaci ɗaya, kowa ta ƙofarsa, su kai har sama ba su haɗu ba, sai dai su hango juna ta 'yan tagogin da ke tsakiya. Jagora ta ce kowane miji da mata su gwada. Muka hau. Kowane zagaye Malam zai hango hijabin Hajiya ya gilma, ita kuma ta hango furfurarsa. Da muka haɗu a sama, Hajiya na haki ta ce, "Wannan ai gidanmu ne." Malam bai ce komai ba, amma ya gane.

Da yamma giya ta biyu ta iso. Faransawa ba sa wasa da abincin dare. Awa biyu zuwa uku ake yi a tebur, a kawo wannan a kwashe, a kawo wancan, kowane da irin giyar da aka ce ta dace da shi. Abu na farko da aka ajiye shi ne burodi da wani dakakken nama mai kitse a 'yar tukunya, ga shi kamar dambun nama mai laushi. Malam ya riga ya ɗauki wuƙa zai shafa, jagora ta riƙe masa hannu. Riyet suke kiransa, abin alfaharin garin Tur, kuma zallar alade ne. Aka kawo mana kifin kogi, muka ce madalla, sai ita jagorar ta sake tashi ta bi mai hidima kicin, domin farar miyar man shanun da ake zuba wa kifin da farar giya ake haɗa ta. Aka dawo mana da kifi tsurarsa da lemun tsami. Sauran suka ɗaga kofuna suka gwara, mu muka sunkuyar da kai muna duban faranti. Ana gama kifi muka ce mun gaji, muka haye ɗaki.

Haka muka yi dare na biyu da na uku. Muna da hujja mai ƙarfi: a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, asuba kuma na yi tun mutum bai gama juyi ba, don haka muna bukatar barci. Amma gaskiyar ita ce guje wa teburin muke yi. A ɗaki muka yi ta muhawara. Malam na ganin zama a teburin da ake shan giya shi kansa ba daidai ba ne, kuma abin da aka karantar da mu ke nan tun muna yara. Hajiya na ganin mu matafiya ne a ƙasar mutane, babu wani teburin, kuma mutanen da suka ɗaga ta daga ƙasa sun soma zaton ƙyamarsu muke yi. Ta lura matar ɗan Holan ta daina ajiye mata kujera a kusa da ita. Ba mu daidaita ba, amma rabon da mu yi hira mai tsawon wannan har mun manta.

Rana ta uku muka bi gaɓar kogi zuwa Ambuwaz, kimanin kilomita 40. Hanyar na bisa wata doguwar ganuwar ƙasa da aka yi don tare ambaliya, kuma a bangon tsofaffin gidaje ana ganin zanen inda ruwa ya kai a 1846 da 1856 da 1866. Kogin faffaɗa ne, marar zurfi da bazara, cike da tsibiran yashi da fararen tsuntsaye. Gangara muke bi, amma iska daga yamma take busowa, don haka tana ture mu a ƙirji. Da azahar muka ratse ƙarƙashin wata bishiya, muka yi alwala da ruwan gora, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Alƙibla a can kudu maso gabas take, sai da waya ta nuna mana. Da muka sallame muka tarar duk ayarin sun tsaya can nesa suna jiranmu, ba wanda ya ce uffan.

Kowa na zuwa Ambuwaz ne don Leonardo da Vinci. Sarki Faransuwa ne ya gayyato shi daga Italiya a 1516, ya ba shi gida kusa da fada, a nan ya mutu a watan Mayun 1519 yana da shekara 67, kuma kabarinsa na cikin wata 'yar majami'a a harabar fadar. Mun gani, mun yi mamakin zane-zanen injunansa. Amma da aka gama zagaye, jagora ta ja mu gefe ta ce akwai wani wuri a can saman lambu da take jin za mu so gani. Muka hau. Sai ga duwatsu 25 a jere, an rubuta musu Larabci, ga kuma layin wani ganye mai ƙanshi da aka shuka yana nuna alƙibla.

Maƙabartar mutanen Amir Abdulƙadir ce, shugaban da ya yaƙi Faransawa a Aljeriya tun daga 1832. A ƙarshen 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi gabas, ƙasashen Musulmi. Aka saɓa alkawari, aka kawo shi Faransa da iyalinsa da mabiyansa, aka tsare su a wannan fada daga 1848 zuwa 1852. Sanyi da cuta suka ci mutum 25 daga cikinsu, har da mata da ƙananan yara. A 2005 ne wani mai zane ɗan Aljeriya, Rashid Kuraishi, ya tsara musu wannan lambu. Mutumin da aka yi wa wannan cin amana shi ne kuma a 1860, yana zaune a Dimashƙa, ya buɗe gidansa ya ɓoye dubban Kiristoci daga masu neman kashe su. Muka tsaya muka yi musu addu'a. Daga wurin ana hango kogi da gonakin inabi har iyakar gani. Hajiya ta ce, "Shekara huɗu suna kallon wannan, ba su zaɓa ba. Mu kwana bakwai ne, kuma da ƙafarmu muka zo."

Washegari aka kai mu Shenonso, fadar da aka gina bisa kogin Sher kamar gada. Labarinta Hajiya ta fi kowa jin daɗinsa, don ta ce ko a littattafan Kano ba a rubuta kishi irin wannan ba. Sarki Hanri na Biyu ya ba farkarsa Diyan wannan gida, ita ta sa aka yi gadar. Yana mutuwa a 1559, uwargida Katarina ta ƙwace gidan ta musanya mata da wani, sannan ta ɗora dogon zaure mai tsawon mita 60 bisa gadar kishiyar. A yaƙin duniya na farko zauren ya zama asibiti, an yi jinyar sojoji sama da 2,000 a ciki. A yaƙi na biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta shiga ba, don haka mutane suka riƙa shiga ta wannan ƙofar suna sulalewa ta waccan.

Da yammar ranar muka isa Bubure, gabas da Tur, inda aka shirya babbar ziyarar gonar inabi. Yankin duk farin dutse ne mai laushi, shi aka haƙa aka gina fadojin, ramukan da aka bari kuma suka zama koguna masu sanyi, wajen digiri 12 rani da damina, inda ake ajiye giya ta shekara da shekaru. Mai gonar tsoho ne, hannunsa kaushi kamar na kowane manomi. Ya tsaya a bakin kogo yana gaisawa da kowa. Mu muka ce za mu jira a waje. Ya dube mu, ya dubi jagora, ta yi masa bayani da Faransanci, ya ɗaga kafaɗa ya shige. Mun ji nauyin wannan ɗaga kafaɗar ƙwarai.

Zama ya ishi Malam, sai ya shiga tsakanin kunyoyi yana duba kurangar. 'Ya'yan inabin ƙanana ne kore shar, ba su wuce ƙwayar wake ba. Can ya durƙusa ya kira Hajiya, ya nuna mata wani kumburi a gindin kowace kuranga, ɗan sama da ƙasa kaɗan. Ya ce, "Ɗan aure ne. Duk gonar nan 'yan aure ne." Shekara talatin ya yi yana koya wa manoma auren mangwaro da lemo, ba zai kasa gane tabon ba. Yana durƙushe tsohon ya fito shan iska, ya gan shi yana shafa gindin kurangarsa. Ya ƙaraso. Malam ya haɗa yatsu biyu ya nuna alamar tsagawa da ɗaurewa. Fuskar tsohon ta sake, ya ƙwala wa jagora kira.

Ita ta yi mana tafinta. Ya ce tun wajen shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya soma cin saiwar inabin Faransa, ya bi gona gona har ya kusa ƙarar da su. An gwada magunguna, an gwada cika gona da ruwa, a ƙarshe mafita ɗaya aka samu: a dasa saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura mata reshen na gida. Har yau haka ake yi. Malam ya ce ya san irin wannan masifa. A 1975 yana yaro, darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a Arewa, ya ga mahaifinsa tsaye a gona ba abin da zai tona. Tsohon ya ce su yanzu sanyin watan Afrilu ne abin tsoronsu. Kuranga na fitar da toho, dare ɗaya raɓa ta daskare ta ƙone shi. A 2021 sun kwana suna kunna ɗaruruwan kyandirori a tsakanin kunyoyi, duk da haka aka yi asara mai yawa. Suka yi ta magana kan ƙasa da taki da 'ya'yan da ba sa son gadon noma, har baƙin da ke cikin kogo suka fito neman mai gida.

Ya ce mu jira. Ya shiga gida ya fito da kwalba ba tambari da kofuna biyu. Ya sa jagora ta maimaita mana sau biyu cewa ruwan inabi ne zalla, wanda ake matsewa a dafa shi tun bai soma tsami ba, don jikokinsa yake ajiyewa. Muka yi bisimilla muka sha. Zaƙi da ɗan tsami, sanyin kogo na jikinsa. Ya tsaya yana kallon fuskarmu kamar yadda uwargida ke kallon baƙo a lomar farko. Hajiya ta miƙa kofi a ƙara mata, shi ke nan ya yi dariya.

Da za mu rabu wani abu ya faru da har yau muke tattaunawa. Malam ya riƙe hannun tsohon, bakinsa ya ɗauko addu'ar da ya saba yi wa kowane manomi, ta Allah ya ba da amfani mai albarka. Sai ya tuna abin da amfanin zai zama. Ya yi shiru, hannu cikin hannu. Can ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ya raya jikoki." Jagora ta fassara, tsohon ya dafa ƙirji. A hanya Malam ya ce bai san ko ya yi wa mutumin rowa ba. Hajiya ta ce ya ba shi abin da zai iya bayarwa da zuciya ɗaya, shi ma tsohon abin da ya yi ke nan.

Daga daren nan muka daina gudu. Muka roƙi jagora a riƙa ba mu ƙarshen tebur, a kwashe kofunan giya daga gabanmu, kuma muka gaya wa abokan tafiya dalilinmu da bakinmu. Ashe abin da suke jira ke nan. Wani ɗan Kanada ya ce shekararsa 19 da daina sha, bisa dalilin da ya ce ba na addini ba ne, kuma kullum shi kaɗai ke riƙe da kofin ruwa. Ya dawo kusa da mu. Ba za mu ce zuciyar Malam ta kwanta sarai ba. Har muka dawo yana cewa in da hali da ya fi son teburin da babu kwalba, kuma yana istigfari. Amma ya zauna, kuma a zaman ne muka san cukun akuya na yankin, dogo mai toka a jiki da tsinken kara a tsakiya, wanda ya tuna mana cukun Buzaye, sai dai shi da laushi.

Sauran kwanakin suka wuce da sauri. A Bilandiri muka ga lambun da wani likita ɗan Sifen da matarsa Ba'amurkiya suka saya a 1906 suka farfaɗo da shi, inda kabeji da latas da karas ne kayan ado, an jera su launi launi kamar zanen tabarma. Malam ya ce da mutanen fadamar Galma za su ga ana biyan kuɗi don kallon kabeji, da sun riƙe baki. A hawan Shinon, garin da budurwa Jan Dark ta je ta sami sarkin Faransa a 1429, gwiwarsa ta ƙi. Tun ranar farko aka yi masa tayin keke mai batir ya ce shi ba gurgu ba ne. Ranar nan Hajiya ta wuce shi a tudu, ta jira shi a sama, ta ce, "Malam, girman kai rawanin tsiya." Da safe ya karɓi mai batir.

Daren ƙarshe a Somur aka yi shi, a wani gidan abinci da ke cikin kogo. Suna gasa wani ɗan burodi da suke kira fuwe a tanderun itace, yana kumbura kamar gurasa, a tsaga shi da zafinsa a cusa abin da ake so. Mu aka cusa mana cuku da man shanu da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, wadda ake nomawa a kogunan garin. Hajiya ta ce ita ba ta zo duniya don cin laimar kwaɗi ba, sai da ta barbaɗa mata yajin da ta ɗauko daga gida. Kilishi muka so kawowa, autar ta ce doka ta hana shiga Turai da nama. Amma a ƙasan jaka akwai busasshen zoɓo da citta da kanumfari. Tun da rana Hajiya ta roƙi masu masauki tukunya, ta dafa, aka sa mata a firji. Da aka zo ɗaga kofuna, ta zuba wa kowa. Ja wur, ba ka bambanta shi da abin da ke cikin kwalabensu. Ɗan Holan ya kurɓa, ya juya shi a baki yadda suke yi, ya ce sukari ya yi yawa. Matarsa ta harare shi ta shanye nata da nasa.

Agogon keken Hajiya ya nuna kilomita 260 da 'yan kai. Autar ta tarye mu a tashar jirgin ƙasa ta Tur, ta dubi yadda muke takawa kamar masu kaciya, ta tambaya ko mun ji daɗi. Muka soma ba ta labari lokaci ɗaya, kowa na katse ɗan'uwansa yana cewa ba haka aka yi ba. Ta yi shiru tana kallonmu, ba ta ce komai ba.

Wata biyu da dawowarmu Malam ya je Sabon Gari ya sayo kekuna biyu na hannu. Bayan sallar asuba muke fita, kafin gari ya waye sosai, mu bi hanyar bayan gari mu dawo. Hajiya na ɗaure bakin rigarta da robar nan da matar ɗan Holan ta bar mata. Maƙwabcinmu ya tare Malam a masallaci, ya ja shi gefe, ya rage murya ya ce in tsadar man fetur ce kada ya ji nauyi, shi yana iya rage musu hanya. Malam ya yi masa godiya, ya ce in ya samu keke ya zo mu tafi tare, zai koya masa canza giya.